Zuma Ga Zaƙi Ga Harbi: Dafin Ƙudan Zuma, Cutar Laim Da Kasuwar Magani A Zangon Kumasi

Duk wanda ya saba bi ta mahaɗar Anloga da ke birnin Kumasi, inda babbar hanyar da ta fito daga kudu ta gitta wadda ta nufi Aboabo da Asawase, ya san ba a rasa mai tallar magani a irin wannan wuri, walau a bakin titi da lasifika, ko a cikin motar haya kafin ta cika. Haka abin yake a tashoshin Bawku da Paga da Aflao, haka kuma yake a Jibiya da Illela da Maigatari da Birnin Ƙonni. Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne, tallar ta shige cikin wayar hannu, kuma hajar ba ta tsaya ga sassaƙe da saiwoyin da muka gada ba. Daga cikin abubuwan da ake yayatawa a Facebook da TikTok akwai magani da dafin ƙudan zuma. Wasu na tallar man shafawa da aka ce an haɗa shi da dafin domin ciwon gaɓɓai, wasu kuma na nuna yadda ake kama ƙudan da ransa a ɗora wa mutum a gadon baya ya harbe shi. A Amurka, masu wannan da'awa sun fi jingina ta da wata cuta da ake kira Laim, wadda ake rubutawa Lyme a takardun asibiti.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗan kasuwar zango da cutar Amurka? Ruwansa uku ne. Na farko, gidaje da yawa a zangunan Kumasi suna da 'ya'ya ko 'yan'uwa a unguwar Bronx ta birnin New York da sauran garuruwan arewa maso gabashin Amurka, kuma wannan yanki shi ne cibiyar cutar. Na biyu, duk wani magani da ya yi kasuwa a wannan yanki namu, ta hannun fatake yake tsallaka iyaka, kuma su ne za su zuba jari a kansa, su ne kuma hukuma za ta fara riƙewa idan abin ya ɓaci. Na uku kuwa, kaska ce ke yaɗa cutar Laim, kuma babu wanda ya kai mai fataucin dabbobi da mahauci cuɗanya da kaska.

Mece ce cutar Laim?

Sunan ya samo asali ne daga wani ƙaramin gari mai suna Laim a jihar Konetikat ta Amurka, inda a shekarar 1975 wasu iyaye mata suka kai kuka ga hukuma cewa yara da yawa a yankin na fama da kumburin gaɓɓai irin wanda ba a saba gani ga yara ba. Likitocin Jami'ar Yale suka bincika, suka tarar da yara 39 da manya 12 masu irin wannan larura. A shekarar 1981 wani masani mai suna Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar bakteriyar da ke haddasa ta a cikin kaska, aka kuma sa mata sunansa. Kaskar ba irin ta shanunmu ba ce. Wata 'yar mitsitsiya ce mai baƙaƙen ƙafafu da ke rayuwa a jikin ɓeraye da barewa a dazuzzukan ƙasashe masu sanyi, kuma galibi sai ta fi kwana ɗaya a liƙe a jikin mutum kafin ta zuba masa cutar.

Alamarta ta farko ga mafi yawan mutane ita ce jan tabo mai faɗaɗa a inda kaskar ta ciza, tare da zazzaɓi da ciwon kai da kasala. Idan aka bar ta, takan shiga gaɓɓai, musamman gwiwa, ko ta taɓa jijiyoyi har ta karkatar da fuska, ko ta rikita bugun zuciya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa kimanin mutum 476,000 ake yi wa maganinta a ƙasar kowace shekara. Akwai ta kuma a Jamus da Faransa da sauran ƙasashen Turai da wani sashe na Asiya. Amma ba a lissafa Gana ko Nijeriya ko Nijar a cikin ƙasashen da ta yi kaka-gida ba. Maganinta ba ɓoyayye ba ne, ba kuma mai tsada ba ne: ƙwayoyi irin su doxycycline ko amoxicillin, waɗanda ke kowane kemis a Kumasi, na tsawon kwana 10 zuwa mako uku bisa umarnin likita, kuma mafi yawan waɗanda aka kama cutar da wuri suna warkewa sarai.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce, wani kaso na marasa lafiyar, wanda ake ƙiyastawa tsakanin biyar zuwa goma cikin ɗari, sukan ci gaba da jin gajiya da ciwon jiki da yawan mantuwa tsawon watanni bayan sun gama shan magani. An yi gwaje-gwaje a Amurka a 2001 da kuma Holan a 2016 na ƙara musu tsawon lokacin shan maganin, amma ba a ga wani amfani mai ɗorewa ba. Mutum yana jin ciwo, likita kuma ba shi da amsar da za ta gamsar da shi nan take. Masu iya magana sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta wannan ƙofa dafin ƙudan zuma ya shigo.

Daga ina da'awar ta fito?

Yin magani da harbin ƙudan zuma ba sabon abu ba ne. An daɗe ana yi a Sin da Koriya da gabashin Turai saboda ciwon sanyin ƙashi, kuma a shekarar 1935 wani likita a New York mai suna Bodog Beck ya rubuta littafi guda a kansa. Abin da ya haɗa shi da cutar Laim abu biyu ne: gwajin kwalba da labarin mutum ɗaya.

Kusan rabin dafin ƙudan zuma, idan aka busar da shi, wani sinadari ne da ake kira melitin, wanda aikinsa shi ne huda fatar duk ƙwayar halittar da ya taɓa. A shekarar 1997 wasu masana a wata cibiyar bincike ta gwamnatin Amurka da ke jihar Montana suka zuba melitin a kan ƙwayoyin cutar Laim a ɗakin gwaje-gwaje, suka ga ya tsayar da motsinsu. A 2017 wasu masana a Jami'ar New Haven suka yi makamancin wannan gwaji suka sami sakamako mai kama da shi. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da masu talla ke nufi idan suka ce kimiyya ta tabbatar. Abin da ba sa faɗa shi ne, duk gwajin biyu a cikin kwalba aka yi su, ba a jikin ɗan Adam ba. Kananzir ma yana kashe ƙwaro a cikin kwano, amma ba mai hankalin da zai sha shi don ya kashe tsutsar ciki. Melitin ba ya bambance fatar bakteriya da ta ƙwayar jinin mutum, kuma ɗan abin da ƙuda ya zuba a ƙarƙashin fata ba shi ne zai isa cikin gwiwa da yawan da aka zuba a kwalba ba. Har zuwa yau babu wani gwaji na ƙa'ida a kan marasa lafiya da ya nuna cewa harbin ƙudan zuma na warkar da cutar Laim.

Labarin kuwa na wata Ba'amurkiya ce mai suna Ellie Lobel, wadda ta ce ta yi shekaru tana jinya, sai a 2011 tarin ƙudan zuma suka far mata a jihar Kalifoniya, daga nan ta fara samun sauƙi. Labarinta ya zaga duniya, har kamfanin Netflix ya nuna batun a wani shiri a 2020. Tsarin da mabiyanta ke bi shi ne harbi goma a rana, sau uku a mako, tsawon shekara biyu zuwa uku. Ɗan kasuwa ya yi lissafi da kansa: harbi 30 a mako, ya haura 1,500 a shekara. Ba wanda ke cewa matar ƙarya take yi game da abin da ta ji a jikinta. Amma ciwon da ke tashi yana kwantawa da kansa, duk abin da mutum ya sha a ranar da ya kwanta shi zai ɗauka ya warkar da shi. Kuma waɗanda suka gwada ba su ga komai ba, ba su ake ɗauka a bidiyo ba.

Inda aka gwada dafin bisa ƙa'ida, sakamakon bai goyi bayan masu talla ba. A shekarar 2005 likitoci a Holan suka gwada harbin ƙudan zuma a kan mutum 26 masu wata cutar jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa da ake kira MS, wadda ita ma an daɗe ana cewa dafin na maganinta. Bayan watanni ana harbin su, ba a ga ya rage cutar ba.

Haɗarin ba na wasa ba ne

A ɓangaren illa kuwa, hujjoji ba su yi ƙaranci ba. A shekarar 2015 masana a Koriya ta Kudu suka tattara bincike 145 da aka yi kan magani da dafin ƙudan zuma, suka tarar cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa sun gamu da wata illa, daga ƙaiƙayi da kumburi har zuwa abin da ya fi haka muni. Mafi munin shi ne borin jini mai tsanani, inda cikin 'yan mintoci maƙogwaro ke kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi ƙasa. Abin da ke ceton rai a wannan hali shi ne allurar adirenalin nan take.

A shekarar 2018 likitoci a birnin Madrid na ƙasar Spain suka wallafa rahoton wata mata 'yar shekara 55 da ta yi shekara biyu tana zuwa ana yi mata harbin sau ɗaya a wata saboda ciwon jiki, ba tare da wata matsala ba. Rannan harbi ɗaya ya sa numfashinta ya sarƙe ta suma. Babu adirenalin a wurin, motar asibiti kuma sai bayan minti 30 ta iso. Bayan 'yan makonni ta rasu. Darasin da ke cikin wannan shi ne, cewa an sha harbin mutum bai yi komai ba ba hujja ba ce, domin yawan harbin ne ma kan sa jikin wasu ya ƙara tsanar dafin. Idan haka ta faru a Turai, mai karatu ya ƙiyasta tsawon lokacin da za a ɗauka a fitar da mutum daga lungun Aboabo zuwa asibitin Komfo Anokye cikin cunkoson yamma, balle a kasuwar kan iyaka. Bugu da ƙari, ƙudan zumar Afirka ya fi na Turai faɗa nesa ba kusa ba. Wanda Amurkawa ke kira makashin ƙuda jikan wanda aka kai Brazil ne daga Afirka a 1956.

Wani abin lura shi ne yadda mai talla zai iya fakewa da addini. Kowane Musulmi ya san matsayin zuma, da yadda aka ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli, shi ya sa ma ba a rasa ta a shagunan magungunan Musulunci tare da habbatus sauda da man zaitun. Amma zuma daban, dafi daban. Zuma abinci ce da ƙudan ke tarawa a saƙarsa, dafi kuwa makami ne da yake kare amyarsa da shi, kuma da zarar ya yi harbin shi kansa mutuwa yake yi. Bahaushe ya raba su tun tuni da ya yi mata kirari da ga zaƙi ga harbi. Duk wanda ya haɗa darajar wannan da wancan don ya sayar da haja, ya kamata malamai su taka masa birki.

Kaskar da ta shafe mu

Abin takaici shi ne, yayin da ake cika mana waya da cutar kaskar Amurka, cututtukan kaskar da ke ƙofar gidanmu ba a cika maganarsu ba. Akwai zazzaɓi mai tafiya ya dawo, wanda wata 'yar'uwar ƙwayar cutar Laim ke haddasawa. Wata kaska mai taushin jiki da ke zaune a ramukan ɓeraye ce ke fitowa da dare ta ciji mai barci ta koma. An tabbatar da shi a Senegal da Mali da Mauritaniya. Binciken da aka yi shekaru 14 ana yi a ƙauyen Dielmo na Senegal, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa kimanin mutum 11 cikin ɗari na kamuwa da shi kowace shekara. A maƙwabciyarmu Togo, wani bincike na 2007 ya gano ƙwayar a jinin kusan ɗaya cikin goma na masu zazzaɓin da aka gwada, alhali ana yi musu kallon masu zazzaɓin cizon sauro. Maganin zazzaɓin cizon sauro na yau da kullum ba ya kashe ta, amma doxycycline na kashe ta. Saboda haka bafataken da ke kwana a ɗakunan ƙasa a kan hanyar Sahel, idan zazzaɓi ya riƙa sakinsa yana dawowa bayan ya sha magani, ya koma asibiti ya faɗa wa likita inda ya bi.

Akwai kuma zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe tsakanin 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda ya kwantar. Ana ɗaukarsa daga cizon kaskar dabbobi, ko murtsuke ta da hannu, ko taɓa jinin dabbar da ke ɗauke da shi, ita kuwa dabbar ba ta nuna alamar ciwo. Ya ɓarke a birnin Nuwakshot na Mauritaniya a 2003. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya gano ƙwayar cutar a cikin kaskar da aka cire daga dabbobi a kwatar Kumasi, ya kuma ga alamar ta taɓa shiga jinin wasu ma'aikatan wurin. Da yawa daga cikin shanun da ake yankawa a Kumasi daga Burkina Faso da Mali da Nijar suke shigowa ta Paga. Wannan ita ce kaskar da ta kamata dillalin kara da mahauci su ji tsoro, kuma rigakafinta safar hannu ne da takalmin roba da feshin dabbobi, da daina fasa kaska da farce.

Doka da jari

Ba gaba ake yi da maganin gargajiya ba. Gana na cikin ƙasashen da suka ba shi matsayi: cibiyar binciken magungunan tsirrai ta Mampong-Akuapem tana aiki tun 1975, an yi dokar masu maganin gargajiya mai lamba 575 a shekarar 2000, kuma Jami'ar Kwame Nkrumah, wadda ba ta da nisa da Anloga, ta fara ba da digiri a fannin maganin tsirrai a 2001. Amma wannan matsayi da sharaɗi ya zo. Dokar lafiyar jama'a mai lamba 851 ta 2012 ta wajabta rajistar kowane magani a hukumar FDA kafin a shigo da shi ko a sayar, ta kuma hana tallata magani a matsayin waraka ga wasu cututtuka da ta lissafa, irin su ciwon daji da ciwon suga da hawan jini. A Nijeriya aikin NAFDAC ke nan, kuma lambar da take ba maganin gargajiya a matakin farko shaida ce cewa an duba lafiyar amfani da shi, ba shaida ce cewa yana warkarwa ba. Wanda ya cika kwali da man dafi marar rajista daga Guangzhou ko Dubai, ya sani jarinsa na iya ƙarewa a hannun jami'ai a kan iyaka. Wanda kuma ya ɗora wa mutum ƙuda ya mutu, maganar ta wuce ta asarar kuɗi.

Kasuwar wannan haja a shirye take, shi ya sa ya kamata a yi hattara tun da wuri. Kafintocin da suka yi wa Anloga suna kafin a mayar da kasuwar katako Sokoban a ƙarshen shekarun 2000, da masu dako a Kejetia, da direbobin dogon zango, kusan duk suna kwana da ciwon baya da gwiwa. Idan mai karatu bai manta ba, irin wannan ciwo ne ya buɗe wa tramadol hanya har ta zama annoba a tsakanin matasa, sai da gwamnatin Gana ta tashi tsaye a 2018. Ba kuma a manta da 2007 ba, lokacin da Shugaba Yahya Jammeh na Gambiya ya ce yana warkar da cutar ƙanjamau da tsirrai, aka sa marasa lafiya suka bar magungunansu, daga baya hukumar gaskiya da sulhu ta ƙasar ta saurari shaidu a kan waɗanda suka mutu. Asarar da ta fi girma a irin wannan lamari ita ce mutum ya bar maganin da ke aiki ya kama wanda ba a gwada ba.

Saboda haka, duk ɗan kasuwar da aka kawo wa wannan haja ya yi mata tambayoyin da yake yi wa kowace haja. Ina lambar rajistarta, kuma ta wace ƙasa ce? A jikin mutane aka gwada ta ko a kwalba? Idan ta yi illa, wa zai ɗauki alhaki? Maganin da aka ce yana warkar da Laim da suga da hawan jini da rashin haihuwa a lokaci guda, wannan jerin kansa ya isa gargaɗi. Wanda ɗan'uwansa ya kira daga Amurka ko Jamus ya ce kaska ta cije shi ya ga jan tabo, shawarar da za a ba shi ita ce ya ga likita a cikin makon, ba a nema masa lambar mai ƙuda ba. Wanda kuma ya dawo gida hutu da irin wannan alama, ya gaya wa likitan Kumasi ƙasar da ya fito.

Daga ƙarshe, muna kira ga sarakunan zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mahauta da na 'yan kasuwa da su ɗauki wannan batu a majalisunsu, gidajen rediyon da ke shirye-shiryen Hausa kuma su riƙa neman takardar amincewar hukuma kafin su karɓi tallar magani. Hukumomin lafiya na Gana da Nijeriya da Nijar su ma su kai wayar da kai a kan cututtukan kaska zuwa karar shanu da kwata cikin harshen da mutanen wurin ke ji. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa, amin.